Mai Masauki da Baƙonsa a Gaban Sabuwar Doka

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu saurare, na cikin birnin Damagaram da na karkara, daga Mirya zuwa Magarya, daga Matamaye zuwa Tanut, har da ƴan'uwa na tsallaken iyaka, wajen Daura da Ɓaɓura da Maigatari, duk inda muryar nan ta kai. Shirin namu na yau a kan baƙo yake, da kuma wanda ya ba shi wurin kwana.

A ranar 13 ga Janairun 2025, shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar shige da zaman baƙi a Nijar. Dokar ta ce duk ɗan wata ƙasa da zai shigo ko ya zauna, sai yana riƙe da takardun tafiya ko na zama. Wannan kowa ya saba da shi. Abin da nake so kowane maigida ya kasa kunne ya ji shi ne na gaba: duk wanda ya sauke ɗan wata ƙasa a gidansa, ko da ba ya karɓar ko dala, wajibi ne ya sanar da ƴan sanda. Wanda kuma ya taimaka da gangan wani ya shigo, ko ya yi zirga-zirga, ko ya zauna ba bisa ƙa'ida ba, ana iya ɗaure shi shekara 2 zuwa 5, a ci shi tarar sefa miliyan 5 zuwa miliyan 50, a kuma ƙwace motar da aka yi aikin da ita. Miliyan 5 ita ce ƙaramar, jika 5,000 ke nan.

Na san abin da ya faɗo a ran wasunku. Mai gidan haya a Sabon Gari, da mai shago a kasuwar Dole da ya ɗauki yaro daga Kano, da malamin allo da rabin almajiransa daga ƙasar Daura suka zo, da direban da ke lodin Agadas, kowa zai ce a ransa: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, daga yau ba ni ba baƙo. To wannan shawarar ce ta fi ba ni tsoro, fiye da tarar kanta. Baƙon da aka rufe wa ƙofa ba gida yake komawa ba. Ɓuya yake shiga, ya faɗa hannun waɗanda da ɓuyar mutane suke cin abinci. Mu kuwa mutanen Damagaram ba sai an gaya mana abin da tafiya a ɓoye ke jawowa ba.

A watan Oktoba na 2013, motoci biyu da suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat suka lalace a cikin sahara, kusa da iyakar Aljeriya. Da masu ceto suka isa, gawa 92 aka ƙirga: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Akasarinsu ƴan ƙasar Kance ne, ƴaƴanmu da ƙannenmu. An yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Wannan musiba na cikin hujjojin da aka kawo lokacin da aka yi dokar nan ta watan Mayun 2015, mai lamba 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure. Tarayyar Turai ta mara mata baya da kuɗi, don abin da ya dame ta shi ne masu tsallaka teku daga Libiya. Daga 2016 aka fara aiki da ita gadan-gadan. An kama direbobi, an ƙwace motoci a Agadas, sana'ar da ake yi da rana tsaka a bakin tasha ta zama laifin da ake ɗaure mutum shekara 5 zuwa 10 a kansa. Tafiyar ba ta tsaya ba. Kuɗin mota ya hau, direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da aka sani domin jami'an tsaro na jira a can, suka koma bin hanyoyin da in mota ta mutu ba mai wucewa. Wani in ya hango ƙurar sojoji sai ya zubar da fasinja ya tsere. A ranar 25 ga Nuwamban 2023 hukumomin soja suka soke dokar, aka kuma shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashinta.

Malam direba, a nan nake so ka tsaya da ni. Da yawa sun ji labarin sokewar, suka ɗauka komai ya halatta. Ba haka ba ne. Dokar Disamban 2010 mai yaƙi da fataucin mutane tana nan daram, ba a taɓa ta ba. Ga kuma ta 2025 ta zo da nata sharuɗɗan. A cikin shekara goma an hana, an sake, an kuma ɗaura wani sabon sharaɗi. Wanda ke aiki da abin da ya ji a bakin ɗan kamasho bara, bana yana iya kwana a kurkuku bai san laifinsa ba.

Haka zancen yake ta wajen kudu. Tun 1979 yarjejeniyar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. A kan wannan muka girma, har muka manta cewa takarda ce ta ba mu. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Alhamdu lillahi, ɓangarorin biyu ba su rufe ƙofa ba. A watan Disamban 2024 ƙasashen ukun, wato ƙawancen AES, suka bayyana cewa ƴan CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza, bisa dokokin kowace ƙasa, ita ma CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na ƴan ƙasashen uku har sai an sanar da wani abu daban. Sai dai sanarwa ce ta ba da wannan dama, sanarwa ɗaya kuma ta isa ta janye ta. Mun ga yadda Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga yadda aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, Dan Barto da Kwangwalam suka yi tsit. Dattawanmu da suka yi zaman Kurmi suna tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen da suka haifi ƴaƴa da jikoki a zangon Kumasi suka sayar da kaya a wulaƙance. A 1983 Nijeriya ta yi irin haka. Duk wanda irin wannan rana ta riske shi da takarda a hannu, ya fi wanda sai ranar ya fara nema.

Kuma kada ku ɗauka baƙo sai wanda ya zo da wani harshe. Baiwar Allah da aka auro daga Daura, ta yi shekara ashirin a Matamaye, ta aurar da ƴaƴa, a unguwa uwa ce, amma a takarda ƴar Nijeriya ce muddin ba ta nemi zama ƴar ƙasa ba. Maigida, wannan aikinka ne. Tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, saboda haka ba sai ta rabu da tata ba. Ka kai ta a yi mata abin da ya dace tun babu wanda ya tambaya.

(Kiɗa kaɗan)

To in rufe ƙofa ba mafita ba ce, mece ce mafita? Ni a ganina tana cikin tarihin garin nan. Lokacin da Sarki Tanimun ya zagaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, a wajen ganuwar akwai Zango, inda ayarin Abzinawa ke sauke kaya, da fataken Gadamas da Gat da Tarabulus, kafin su wuce Kano ko Kukawa. Attajirai irin su Malam Yaro a can suka kafa gidajensu. Baƙon wancan zamani ba ya kwana ba a san da shi ba. Yana da mai masauki, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in bashi ya shiga tsakani, ya kuma kai labarin zuwansa ga mai unguwa, in babban baƙo ne har fada. Sanarwar nan ita ce kariyarsa. Wanda aka san mai masaukinsa, ba a cin zalinsa a banza, don akwai mai bin kadinsa. Ba na ɓoye cewa zamanin yana da nasa baƙin tabo. Ayarin da ke kawo tufafi da takarda yana komawa arewa da fatu da gashin jimina, yana kuma komawa da bayi, waɗanda ba wanda ya tsaya musu. Shi ya sa in ana maganar fataucin mutane, bai kamata mu ji ta kamar labarin wata ƙasa mai nisa ba.

Saboda haka kai baƙonka wurin hukuma ba cin amanarsa ba ne, aikin mai masauki ne na asali, muddin tare kuka je, kuma ka tsaya har a gama. In yana da takardunsa, magana ta ƙare. Ka sanar, ka nemi shaidar cewa ka sanar, ka adana ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne in ba shi da takarda. Nan ne mutumin kirki ke shiga tsaka mai wuya: in ya yi shiru ya taka doka, in ya yi magana yana tsoron ya jefa bawan Allah cikin wahala. Kafin komai, zauna da shi ka ji abin da ya fito da shi, domin marasa takarda ba iri ɗaya ba ne. Wani takardarsa ce ta ɓata ko ta ƙare. Wannan shugaban ƴan ƙasarsu mazauna gari da ofishin jakadancinsu a Yamai su ne hanyarsa, dokar 2025 ɗin ma ta buƙaci wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba ya nemi takardar zama. Wani kuwa gudun ransa ya yi, kamar dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da ƴan bindiga suka koro zuwa jihar Maraɗi tun 2019, ko na Borno da ke Diffa. Wanda ya gudo cikin dare ba ya tsayawa neman fasfo, kuma doka ta san da haka. Nijar tana da dokar ƴan gudun hijira tun 1997, akwai hukumar ƙasa mai tantance su, tana aiki tare da HCR, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba a mayar da mai neman mafaka inda ake neman ransa. Wani kuma ya gaji, gida kawai yake so. Hukumar OIM mai kula da ƙaura tana taimaka wa irinsa ya koma bisa son ransa. Akwai na huɗu, wanda ya fi kowa buƙatar idonku: yarinyar da aka yi wa alkawarin aikin otal ko shago a Libiya, aka karɓe wayarta, aka ce akwai bashin da za ta biya in an isa, kuma ba a barinta ta yi magana da kowa a tasha. Wannan ba mai laifi ba ce, ita aka yi wa laifi. A nan Damagaram aka buɗe gidan farko na gwamnati mai karɓar waɗanda aka yi fataucinsu, a 2019. In kun ga alama, ku sanar da ƴan sanda ko jandarma, kada ku ce ba ruwanku.

In kuma lamarin ya rikice maka, akwai hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011 don taimakon talaka a harkar shari'a. Tana da ofisoshi a manyan kotuna, shawara kuma kyauta take bayarwa. Ka je ka tambaya kafin ka ɗauki mataki.

Yanzu bari in zo kan abin da sauyin gwamnati ko na doka ba ya shafewa. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 a kan haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu. Nijar ta shiga cikinta a 2009. Abin da ya sa nake ganin girmanta shi ne, wani sashe nata bai bambanta mai takarda da marar takarda ba. A ce magini ya zo daga Benin ko Togo, ya yi wa wani aiki wata uku, ranar biya mai ginin ya ce masa: ai ba ka da takarda, je ka kai ƙara in ka isa. Wannan zalunci ne a addini, kuma a doka ma ba shi da madafa. Rashin takardar zama ba ya cinye ladan gumin da aka riga aka zubar, ko da korar mutum za a yi, yana da damar neman haƙƙinsa. Haka kuma ba maigidan da ke da ikon riƙe fasfon yaronsa ko katinsa wai don kada ya gudu. Jami'in da doka ta ba izini ne kaɗai ke iya karɓa, shi ma sai ya ba da rasit. Wanda ciwo ya kayar, ana ceton ransa a likita ba a jira takarda ba. Ɗansa yana da damar shiga makaranta. In an kama shi, a gaya masa dalili da harshen da yake ji, a kuma sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema. Sannan ba a tara mutane a kore su jimla. Kowa a duba lamarinsa shi kaɗai. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ma ta hana korar baƙi a dunƙule.

Kun lura waɗannan su ne ainihin abubuwan da muke kuka a kansu in an taɓa namu? Aljeriya ta shiga wannan yarjejeniya tun 2005. Amma tun Disamban 2014 ake loda ƴan Nijar a manyan motoci ana kawo su Asamaka, bisa wata fahimta tsakanin gwamnatocin biyu. Ƴan wasu ƙasashe kuwa a wurin da ake kira Point Zéro ake zubar da su, su taka kimanin kilomita 15 a cikin rairayi kafin su ga gari. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Da yawa suna ba da labarin an kama su a wurin aiki, ba a bari sun ɗauki kaya ba, an karɓe waya da kuɗi. In muka ce wannan bai dace ba, gaskiya muka faɗa. Amma bakinmu ba zai yi nauyi ba in a garinmu muna danne kuɗin magini don mun san ba ya iya kai ƙara.

Su kuma namu da suka dawo, yaya muke tarbarsu? Iyayena mata na Kance da Magarya, ku kuka fi kowa sanin wannan. A watan Maris na 2022 gwamnati ta ɗauko fiye da mutum 1,000 daga Dakar a jirgi, akasari mata da yara masu bara, mafi yawansu daga waɗannan yankuna biyu. An yi ta surutu a kan kunyar da suka jawo wa ƙasa. Kaɗan ne suka tsaya tambayar abin da ya fitar da su. Ƙasar Kance na cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gona an raba ta har ta koma ƴar mitsitsiya, hatsin da aka girbe ba ya kai wa bazara. Mace ta ci bashin kuɗin mota, an koro ta hannu wofi, ta iso gida ga mai bashi a ƙofa, ga habaici a bakin rijiya. Me kuke zato za ta yi? Sake kama hanya za ta yi, kuma da yawa haka suke yi. Taimakon da zai riƙe ta ba babba ba ne: a sa ta cikin adashi ko da zubin farko wata ce ta yi mata, a ara mata fili a lambu lokacin rani, mai bashi ya ɗaga mata ƙafa zuwa kaka, in an fitar da zakkar hatsi liman ya tuna da gidanta. Kuma a daina kiranta da sunan korarriya.

Sai dai akwai abin da ba zan sassauta a kansa ba. Bayar da yaro ga wata ta tafi da shi bara, a riƙa aiko wa iyaye wani abu, dokar 2010 ta lissafa shi cikin fataucin mutane. Talauci ya sa, na sani, amma ku tuna cewa a cikin gawa 92 ɗin nan, 52 yara ne.

Yaran da aka haifa a hanya ko a can waje, da yawansu ba su da takardar haihuwa. Yaron da ba shi da ita, ranar jarrabawa za a tsayar da shi, ranar neman katin ɗan ƙasa a sake tsayar da shi, in bai yi sa'a ba ya girma ba ƙasar da za ta ce nata ne. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, a likita ko a ofishin magajin gari. In lokacin ya wuce, ba a makara ba, alƙali ne ke ba da hukuncin da zai maye gurbinta, kuma wani lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka don wannan aiki. Ɗan baƙo da aka haifa a nan shi ma a yi masa, domin takardar shaida ce cewa an haife shi, ga sunan uwa ga sunan uba.

Ina da roƙo ga hukuma, kuma da girmamawa nake yinsa. Kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ya shigo mata, balle a wannan hali na tsaro da muke ciki. Amma kalmar taimaka wa zama ba bisa ƙa'ida ba tana da faɗi. Talaka yana buƙatar ya ji daga bakin masu aiwatarwa cewa wanda ya ba matafiyi ruwa da tabarma ba ɗaya yake da wanda ya mai da safarar mutane sana'a ba. A fito a gidajen rediyo a yi bayani da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci: wane ofishi ake zuwa, me ake kaiwa, nawa ake biya in akwai biya, kwana nawa aka ba mutum. Inda ba a bayyana farashi ba, nan ne na-goro ke samun ƙofa, baƙo kuma shi ne ya fi kowa sauƙin tatsa.

Baba mai unguwa, baba mai gari, kafin wannan bayani ya iso, akwai abin da ke hannunku. Ku tara masu gidajen haya da malaman allo da sarkin tasha da shugabannin baƙi na unguwarku. Ku je kwamisariya a ƙungiya, ko wurin jandarma in a karkara kuke, ku tambayi yadda ake sanarwar, ku dawo ku faɗa a masallaci bayan sallah. Kowane baƙo kuma, da kowane ɗanmu mai shirin tafiya, ya ɗauki hoton takardunsa a waya, ya tura wa wani na gida da ya amince da shi, ya kuma haddace lambar mutum ɗaya a ka, don waya ita ake fara rabuwa da ita a hanya.

Nan za mu dakata a yau. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)